'Yan Ƙwadagon da Ba Su Karɓar Lada: Namun Daji da Rumbun Ƙaramin Manomi a Kudancin Katsina

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci kare namun daji, abin da yakan fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne giwa da zaki da ɓauna, da gandun daji irin na Yankari, da baƙi 'yan yawon buɗe ido rataye da kyamara. Saboda haka sai a ɗauka zancen na waɗanda suka ƙoshi ne, bai shafi mutumin Yankara ko na Sabuwa ba, wanda duk burinsa bai wuce hatsinsa ya kai shi wata kaka ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa shi wannan manomin ya fi kowa bukatar namun daji.

A ilmin halittu, namun daji sun haɗa da duk wata dabba mai zaman kanta wadda ba mutum ne ke kiwonta ba, tun daga giwa har ya zuwa galla, ɗan ƙwaron nan da ke damun mutum a ido lokacin bazara. Da yawa daga cikinsu suna yi wa manomi aiki dare da rana, ba ya biyansu, sau da yawa ma bai san suna yi ba. Za mu ɗauki ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mu zama misali, mu ga ko su wane ne waɗannan 'yan ƙwadago, da irin aikin kowannensu, da abin da ke faruwa in sun ƙaura.

Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina ne, inda ta yi iyaka da Zamfara daga yamma, da Kaduna daga kudu. Ruwan saman da ake samu a yankin yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, watau ya ɗara na Katsina da Daura nesa ba kusa ba. Shi ya sa ƙasar ta karɓi masara da dawa da auduga da waken soya da shinkafa da barkono, har kasuwanni irin na Ɗandume da Sheme da Funtuwa suka yi suna. Itatuwan asali na wannan ƙasa su ne doka da maje da maɗaci da ƙirya da marke da taura, sai kuma waɗanda kakanninmu suka ƙi sarewa da gangan idan suna sassabe, watau ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da ɗinya da kanya.

A ƙasar Faskari ne dajin Kogo yake, mai faɗin murabba'in kilomita 212 da 'yan kai. A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ɗaga darajar dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, Kogo kuwa yana cikinsu, tare da Falgore ta Jihar Kano. Daga kudu maso yamma akwai Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuma ya kai murabba'in kilomita 1,120. An rubuta samuwar giwa da gwanki da kanki da gadu da jan biri a cikinsa, da tsuntsaye fiye da iri 170. Kamuku yana manne da Kuyambana ta Zamfara, daga arewa kuma ga dajin Rugu.

Sai dai kowa ya san abin da kalmar daji ta koma nufi a wannan yanki. A cikin shekarar 2020 ɗin nan ce, ran 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka shiga daji da su. Rashin zaman lafiya ya raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, nauyi ya koma kan 'yan gonakin bakin gari. Tun daga 2023 kuma, bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, kuɗin takin zamani da maganin feshi da na sufuri suka yi tashin gwauron zabo. Manomin da gonarsa ta ƙanƙance, aljihunsa kuma ya yi rauni, ba shi da halin korar ma'aikatan da ke yi masa aiki kyauta.

Tuwo na Iska Ne, Miya ta Ƙwari Ce

Kafin fure ya zama ɗa, sai an yi barbara. Watau sai ƙurar nan rawaya da ɓangaren namiji na fure ke fitarwa ta isa ɓangaren mace. Tsiro ba shi da ƙafa, don haka dole ya nemi ɗan aike. Masara da dawa da gero da shinkafa, 'yan gidan ciyawa ke nan, ba su dogara da ƙwari ba. Masara, alal misali, tana sakin ƙurarta daga furen da ke ƙololuwar kara, iska ta kwasa ta zuba a kan gemun masara, kowane silin gemu guda kuwa ƙwaya guda yake haifarwa. Abin da manoma ke kira bununi a kan zangarniya, wannan aikin ne yake gudana.

To, amma mu leƙa tukunyar miya. Kabewa da kankana da guna furen namijinsu daban ne, na mace daban. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba. Idan a cikin waɗannan 'yan sa'o'i ƙudan zuma ko wani ɗan'uwansa bai ɗauko ƙura daga furen namiji ya kai wa na mace ba, 'yar kabewar da ke gindin furen sai ta yanƙwane ta faɗi. Sau da yawa manomi yakan ɗora laifin a kan iri ko ƙarancin taki, alhali kuwa ɗan aike ne bai zo ba. Wani nazari da aka buga a 2007 ya nuna cewa daga cikin manyan amfanin gona 115 na duniya, 87 suna ƙaruwa da barbarar da ƙwari da sauran dabbobi ke yi.

Akwai tsire-tsire masu iya yi wa kansu barbara, irin su auduga da riɗi da kuɓewa, amma su ma sukan fi yin albarka idan ƙwari sun ziyarce su. A ƙasar Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kama da namu, masana sun rufe wasu furannin auduga da riɗi da raga don hana ƙwari shiga, suka bar wasu a buɗe. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma na amya da na daji tana ƙara yawan amfani da kyansa har zuwa kashi 62 cikin 100. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga ƙasar da ta daɗe tana kai auduga Funtuwa.

Yanzu mu ɗaga kai mu dubi ɗorawa. Sunanta na kimiyya shi ne Parkia biglobosa, an kuwa raɗa mata shi ne don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya bi Kogin Kwara. Da rani, idan sanyi ya fara ja da baya, takan fitar da jajayen furanni dunƙule kamar ƙwallo, kowanne yana reto a ƙarshen dogon sili, nesa da ganye. Da almuru suke buɗewa, su yi ta tsiyayar da ruwan zaƙi cikin dare. Wane ne aka shirya wa wannan liyafa? A shekarar 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka bayyana abin da suka gani a ƙasar Gana: jemagu ne ke zuwa, su maƙale a jikin ƙwallon suna lasar ruwan zaƙin, ƙura ta bi gashin ƙirjinsu, su tashi su kai wa wata ɗorawar. Da asuba kuma ƙudan zuma ya zo ya ƙarasa aikin. Reton da furen ke yi a sarari hikima ce, don jemage ya sami wurin sauka ba tare da fiffikensa ya sarƙe a reshe ba.

Haka abin yake ga kuka, mai farin fure babba wanda shi ma da dare yake buɗewa, jemagu ne manyan baƙinsa. Kaɗanya kuwa ta dogara ne da ƙudan zuma da galla. Wani bincike da aka buga a 2020, shi ma daga Burkina Faso, ya gano cewa kaɗanya takan kasa ɗaukar 'ya'ya yadda ya kamata saboda ƙarancin barbara, kuma matsalar ta fi sauƙi a gonakin da ke da itatuwa iri-iri. Dalili shi ne kaɗanya 'yan makonni take fure a shekara, ƙudan zuma kuwa kullum sai ya ci. In babu sauran itatuwan da za su riƙe shi a sauran watanni, ba za a same shi ba ranar da kaɗanya ta neme shi.

Mai karatu ya lissafa da kansa. Babu jemage da ƙudan zuma, kalwa ta yi ƙaranci. Babu kalwa, babu daddawar asali, wadda kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Man kaɗe da garin ɗorawa da kwalba da nono duk sun bi sahu, tare da kuɗin cefanen matan da ke sana'arsu. Bugu da ƙari, jemage mai shuka ne. An maƙala wa babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa na'urar bin sawu a Gana, aka ga yana iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda ya ci ɗan. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Masanin halittu zai ƙara da cewa ba a san mai haɗa miya ba sai an kore shi.

Masu Gadin Dare da na Rana

Babu tsuntsun da aka zalunta a ƙasar Hausa kamar mujiya. Saboda kwalakwalan idanunta da kukanta na dare, sai aka jingina ta da maita da mutuwa, yara na ganinta sai jifa. Ga abin da take yi a zahiri. Farar mujiyar nan mai fuska kamar faifai, wadda ke sheƙa a kogon itace da rufin tsofaffin gine-gine, abincinta ɓeraye ne. Jinta yana da ƙarfin da takan kama ɓera cikin duhu ta hanyar motsinsa kawai. Mace da namiji da 'ya'yansu sukan cinye ɓeraye fiye da 2,000 a shekara. A ƙasar Maleshiya manoman shinkafa da na kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna, suna roƙon Allah ta tare.

Mu yi ɗan lissafi. A ƙaddara ɓera guda yana cin giram 5 na hatsi a rana, kuma a ce kowanne daga ɓerayen nan 2,000 kwana 30 kacal zai yi yana ci da mujiya ba ta kama shi ba. Giram 5 sau 30 sau 2,000 ya ba mu giram 300,000, watau kilo 300, buhu uku ke nan cur. Ba mu sa abin da zai ɓata da fitsari da kashi ba, ba mu kuma sa 'ya'yan da zai haifa ba. Ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys, cikin kimanin kwana 23 yake haihuwa, sau da yawa 'ya'ya goma ko fiye a ciki guda. Shi ne kuma yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Ashe tsuntsuwar da ake kira manzon mutuwa, mai tare ta ce.

A nan akwai tarko. Idan aka zuba gubar ɓera barkatai, ɓeran da ya ci ba nan take yake mutuwa ba, yakan fito yana tangaɗi, ya zama nama mai sauƙin kamu ga mujiya da shirwa da kyanwa. Su ci shi, su mutu. Ɓera yana mayar da yawansa cikin 'yan watanni, mujiya kuwa sai ta yi shekaru. Ƙarshenta manomi ya kashe mai gadinsa ya bar ɓarawo.

Da rana kuma wasu ma'aikatan ne ke karɓar aiki. Shamuwa, wadda zuwanta ke yi wa manomi albishir da damina, fara da tsutsa take kiwo a gona. Balbela tana bin shanu da garma tana tsince ƙwari. Tsattsewa da birbiri suna kama masu tashi. Rina da wasu irin zanzaro da tsutsotsi suke ciyar da 'ya'yansu. Ga ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da kwaɗo da ƙadangare da bushiya. Tun da tsutsar masarar nan baƙuwa ta ɓulla a Nijeriya a 2016, bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, feshi ya ƙaru ƙwarai. Amma maganin da ba ya zaɓe yakan fi yi wa waɗannan mataimaka illa, domin ita tsutsar tana ɓoye can cikin zuciyar masara, su kuwa suna yawo a sarari. Ƙasar Sin ta ɗanɗana irin wannan kuskure. A 1958 aka yi gangamin kashe gwarare don suna cin hatsi, sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya, har gwamnati ta dakatar da gangamin a 1960.

Ina Ungulu ta Shiga?

Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da babu mahauta ko kasuwar ƙauye da ba a ganin ungulaye jere a kan rumfa. Ɗaliban sakandare na yau da yawa a karin magana kawai suka san ta. Wani babban nazari da ya tattara ƙidayar ƙasashen Afirka ya nuna cewa ungulaye iri takwas sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30. Daga cikin mace-macen da aka rubuta, kashi 61 guba ce sanadi, kashi 29 kuwa cinikin sassan jikinsu ne don tsibbu da magani. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta sa ungulun kasuwa, irin tamu, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 2020 an tsinci gawar fiye da 2,000 da aka sa wa guba a ƙasar Gini Bisau. Abin da ya sa asarar ke da wuyar mayarwa shi ne ƙwai ɗaya tak ungulu ke sakawa a shekara.

Ungulu ba ta jewar banza. Ruwan cikinta yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa da ke cikin mushe, ga shi kuma garken ungulaye kan share gawar dabba kafin ta ruɓe. Indiya ta nuna wa duniya abin da ke biyo bayan rashinta. Daga shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar diklofenak, maganin ciwon jiki, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Wasu ire-iren ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya taru, ruwan sha ya gurɓace, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙasar kiwo irin tamu tana da darasi a nan.

Ma'aikatan Ƙarƙashin Ƙasa

Buzuzu yana mulmula kashin shanu ya binne don 'ya'yansa, ta haka yake kai taki inda saiwa take, ya kuma hana ƙudaje wurin hayayyafa. Mutanen Ostareliya sun kai shanu ƙasarsu ba tare da buzuzun da ya san kashin shanu ba, kashi ya rufe musu makiyaya, har sai da suka shiga ɗibar buzuzu daga Afirka da kudancin Turai tun daga ƙarshen shekarun 1960. Gara, duk da ɓarnar da take yi wa azara da zana, tana narkar da kara da ganye, ramukanta kuma hanyoyi ne da ruwan sama ke bi ya nutse maimakon ya kwarare da ƙasa. Tana ita ma haka. Abincin su duka shi ne tarkacen gona. Wanda ya banka wa gonarsa wuta bayan girbi ya ƙone abincin ma'aikatansa, ya kuma tura wani kaso na takinsa sama cikin hayaƙi.

Gandun Gwamnati Bai Wadatar Ba

Mai karatu zai iya cewa, to ai ga Kogo da Kamuku nan, sai halittun su zauna can. Gaskiya ne manyan dazuzzuka su ne rumbun iri. Can ne gwanki da gada da burtu za su tsira, daga irinsu ne kuma rafuka ke samun inuwa da ruwan rani. Amma akwai maganar nisa. Ƙudan zuma yana iya tafiyar kilomita da dama neman fure, galla da sauran ƙananan ƙwari kuwa 'yan ɗaruruwan mitoci ne iyakarsu. A ƙasar Kosta Rika wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cewa itatuwan kofi da ke cikin kilomita guda daga daji sun fi na nesa amfani da kashi 20 cikin 100. Wani nazarin na 2008 ya nuna cewa ziyarar ƙwarin daji ga furanni takan ragu da rabi idan gona ta yi nisan kimanin mita 600 daga mazauninsu.

Ma'anar wannan ita ce gallar da ke cikin Kogo ba za ta yi wa kaɗanyar bakin garin Ƙanƙara aiki ba. Kowace gona tana bukatar ɗan dajinta a kusa: shinge mai rai, da itatuwan tsakiyar gona, da duhuwar bakin rafi, da burtali, da tsohuwar kuka mai kogo, har da itatuwan maƙabarta da na harabar makaranta. Irin wannan daji ba ya ɓoye ɗan fashi, amma yana ɓoye mujiya da bushiya.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada sun gani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonakinsu sun zama fili fetal. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koma zaɓen toho biyu ko uku mafiya ƙarfi a kowane kututture, su datse saura. Sun kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Jamhuriyar Nijar ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Idan ƙasar da ruwanta bai fi rabin namu ba ta yi haka da adda kawai, mu me zai hana mu?

Lafiyar Jiki da Kwanciyar Rai

Amfanin wannan ɗan daji bai tsaya ga rumbu ba. Ganyen kuka yana da sinadaran ƙarfafa ƙashi da na ƙara jini, garin 'ya'yanta kuma ya ninka lemon zaƙi a bitamin C. Ɗinya da kanya da taura da tsamiya su ne alewar yaran ƙauye. Hatta ganin kore yana da tasiri. A 1984 wani masani mai suna Roger Ulrich ya duba takardun majinyatan da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti da kusan kwana guda, sun kuma sha maganin ciwo mai ƙarfi kaɗan. Kakanninmu da suka mai da gindin itace majalisa da makaranta da wurin sulhu ba su jira wannan bincike ba. Al'ummar da ta sha firgici tana bukatar inuwa da kukan tsuntsaye kamar yadda take bukatar asibiti. Addini ma ya ja kunnenmu: akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai sunan ƙudan zuma, hadisi kuma ya hana kashe shi, shi da tururuwa da alhudahuda.

Masu Ɓarna Fa?

Ba za a ce duk namun daji abokan manomi ne a kowane hali ba. Biri yana karya masara, jan baki yana share shinkafa da dawa, jemage yana taɓa mangwaro, kububuwa da kasa suna kisa. Abin da ilmi ya koyar shi ne a tsare dukiya, a bar kisan kan mai uwa da wabi. A ɗaga rumbu a kan duwatsu, a share kewayensa, a rufe abinci, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A sa takalmi mai rufi lokacin noma da girbi, a riƙe fitila da dare, wanda maciji ya sara kuwa a gaggauta kai shi asibiti. Jemage a bar shi a bisa itacensa, kada a taɓa shi da hannu, kada a ci abin da ya gutsura, saboda yana iya ɗaukar cuta. Kamun dabbobin da suka yi ƙaranci da cinikinsu laifi ne a ƙarƙashin Doka ta 11 ta 1985, wadda aka tsananta hukuncinta a 2016.

Abin da Manomi Zai Iya Yi Bana

1. Ya bar tohon itatuwa masu amfani lokacin sharar gona, ya riƙa yi musu aski, ya kuma haɗa iri daban-daban don a sami fure a kowane lokaci na shekara.

2. Ya kare ɗorawa da kaɗanya daga masu gawayi. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, buhun gawayinta kuwa 'yan makonni yake yi a murhu.

3. Ya daina ƙona gona da daji don farautar gafiya da zomo.

4. Ya duba gona kafin ya yi feshi. In ya zama dole, ya yi da yamma lis bayan ƙudan zuma ya koma, ya kauce wa lokacin fure, ya kuma fara gwada ruwan 'ya'yan darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi.

5. Ya kafa amya, ya ɗebi zuma da hayaƙi maimakon wuta, ya bar wa ƙudan saƙar da 'ya'yansa ke ciki.

6. Kada ya sa wa mushe guba, kada ya zuba magani a rafi don kama kifi, kada ya sayi kan ungulu ko ƙwanta.

Aikin Aji

Duk waɗannan ayyuka a harabar makaranta ko cikin gari za a yi su, kada malami ya fita da ɗalibai daji.

(a) A shuka kabewa. A rufe furannin mace goma da ƙyallen gidan sauro tun kafin su buɗe, a bar goma a sake. Bayan mako biyu a ƙidaya waɗanda suka ɗaure, a bayyana dalili.

(b) Kowane ɗalibi ya tambayi dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya sunayen dabbobi da tsuntsayen da suka sani a ƙuruciya waɗanda ba a gani yanzu. A haɗa jerin aji, a adana shi a ɗakin karatu.

(c) A rubuta kayan haɗin miyar da aka ci jiya a gida, a ware waɗanda iska ta yi wa barbara da waɗanda dabba ta yi wa.

(d) A ƙidaya itatuwan makaranta, a rubuta watan da kowanne ke fure. Wane wata ne ƙudan zuma ba shi da abinci? Wace itaciya za a dasa don cike giɓin?

Kammalawa

Mun ga cewa gonar da ke ciyar da gida ba aikin mai gona da iyalinsa da shanunsa kaɗai ba ne. Jemage da ƙudan zuma da galla suna haɗa miya, mujiya da shamuwa da rina suna gadi, ungulu tana tsabtace gari, buzuzu da gara suna gyara ƙasa. Ladansu bai wuce wurin kwana da abinci da a daina sa musu guba ba. Tsaron Kogo da Kamuku da Rugu nauyi ne a wuyan hukuma, muna kuma addu'ar Allah Ya dawo da zaman lafiya a cikinsu. Amma ɗorawar da ke tsakiyar gona da tohon da ke bakin kunya suna hannun mai gona ne, shi zai yanke musu hukunci ranar da ya ɗauki adda ya fita sharar bana.